Bakwai da Nema: Ina Iyakar Murnar Wanda Ya Ci?

Ranar Lahadi 5 ga Maris, 2023, a tsakiyar wahalar takardun naira, lokacin da kuɗin shiga gidan kallo ma sai an yi lalube, na samu wuri a benci na uku a wani gidan ƙwallo da ke Malam Madori. Irin wanda kowa ya sani ne: rumfar kwano da aka kewaye da zana, talabijin biyu a kan katako, inji yana ta gurnani a baya, ga allo a ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli. Liverpool ce ta karɓi baƙuncin Manchester United a Anfield. 'Yan United sun shigo suna taƙama, kuma suna da dalili, domin mako guda kafin nan suka ɗaga kofin Carabao bayan sun doke Newcastle da ci 2 da nema. Aka tafi hutun rabin lokaci Liverpool tana da ɗaya tal, wadda Gakpo ya ci ana dab da busa. Hutun ya faɗo daidai magariba, muka fita muka yi alwala muka bi jam'i a bakin titi. Waɗanda suka tsaya nafila, kafin su dawo ƙwallo ta zama uku. Daga nan ruwa ya ɓalle. Gakpo biyu, Nunez biyu, Salah biyu, Firmino ya rufe da ta bakwai.

Akwai wani matashi tela, ɗan United na gani-kashe-ni, wanda ya miƙe ya fice tun a ta biyar, hularsa a hannu, bai ce wa kowa uffan ba. Da aka tashi, samari suka hau babura biyar ko shida, suna hon suna ɗaga yatsu bakwai, suka bi ta ƙofar shagonsa har sau uku. Washegari ya tarar an rubuta 7 da gawayi a jikin ƙyaure, an ajiye masa kwalbar 7Up a kan dakali. Ya yi dariya ya shanye lemon. Amma da aka kwana uku yaran makaranta suna wucewa suna kiransa Bakwai, har wani ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da ta leƙo shagon, sai dariyar ta ɗauke. Mako ya zagayo bai taka gidan kallo ba. Abokinsa da suka yi makarantar allo tare, wanda shi ne ya jagoranci baburan, sun fi wata guda ba sa gaisawa.

Tun daga ranar nake jin muhawarar nan tana tashi tana kwanciya, a teburin mai shayi, a tasha, a majalisar bayan isha'i. Wasu suna cewa wanda ya ci ranarsa ce, ya yi abin da ya ga dama. Wasu suna cewa cin kaca yana da ladabinsa, wanda bai san shi ba bai san wasa ba. Na lura galibi tambayoyi biyu ake cakuɗawa wuri guda. Ta farko ta 'yan wasa ce: idan ka ga abokin karawarka ya watse, ka ci gaba da zura masa ko ka sassauta? Ta biyu tamu ce, mu 'yan benci: idan ƙungiyarka ta yi wa ta maƙwabcinka dukan kawo wuƙa, ina murnarka za ta tsaya?

Ta farkon ba mu kaɗai ta dama ba. Amurkawa suna da wasan besbol, wanda ake jefo ƙwallo mutum ya make ta da kulki ya zagaya fili da gudu, kuma a cikinsa akwai wasu ƙa'idoji da ba a rubuta a ko'ina ba amma kowa ya tashi ya tarar da su. Babbar cikinsu ita ce idan ka yi wa abokin karawa nisa, ka rage zafi. Ranar 17 ga Agusta, 2020, San Diego Padres tana gaban Texas Rangers da maki 10 da 3, wasa ya kusa ƙarewa, sai aka jefo wa wani matashi ɗan shekara 21, Fernando Tatis Jr., ƙwallo a daidai gaɓar da al'ada ta ce ya ƙyale ta ta wuce. Bai ƙyale ba. Ya make ta ta fice daga fili, bugun da ya kawo maki huɗu a lokaci guda. Mai jifan Rangers ya huce haushi da wurga ƙwallo ta bayan ɗan wasan da ya biyo baya, kociyansu ya nuna ɓacin rai, kociyan Tatis ɗin kansa bai goyi bayansa ba, har yaron ya fito ya ba da haƙuri. Magoya baya da tsofaffin 'yan wasa da yawa kuwa suka ce haƙurin me, ai don ya ci maki aka ɗauke shi aiki. Ita kanta Rangers ɗin ce a 2007 ta yi wa Baltimore Orioles 30 da 3. Shekara guda kafin rigimar Tatis, a gasar cin kofin duniya ta mata a Faransa, Amurka ta zura wa Tailan 13 da nema ranar 11 ga Yuni, 2019, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Yawancin masu sukar ma ba yawan ƙwallayen ne ya dame su ba, rawa da tsallen da 'yan wasan suka riƙa yi a ƙwallo ta tara da ta goma ne ya tsaya musu a rai.

A nan ba na jin akwai dogon zance, a tsakanin manyan 'yan wasa masu cin albashi dai. Wanda ya biya kuɗinsa ya zauna a benci minti casa'in ya saya, ba sittin ba. Sannan teburin gasa ba ya jin tausayi. A kakar 2011 zuwa 2012, Manchester City da Manchester United sun gama da maki 89 kowannensu, bambancin ƙwallaye takwas ne ya ba City kofin Firimiya. To a watan Oktoban 2011 City ta je Old Trafford ta ci 6 da 1, kuma uku daga ciki a mintunan ƙarshe aka zura su, lokacin da mai tausayi zai ce ai ya isa haka. Da sun sassauta a ranar, da lissafin watan Mayu ya matse su fiye da yadda ya yi. Akwai kuma wulaƙancin da ya fi ci ciwo, wato abokin karawarka ya koma yawo da ƙwallo yana nuna wa duniya cewa ya daina ɗaukar ka a bakin komai.

Jamus ta nuna yadda ake yi. Daren 8 ga Yuli, 2014, cikin watan azumi, ƙarfe tara agogon Najeriya, mutane sun fito daga asham suka tarar da abin da ba a taɓa gani ba a Belo Horizonte. Kafin minti talatin Jamus ta zura wa Birazil biyar a gidanta, huɗu daga ciki a cikin minti shida. Daga baya ɗan wasan Jamus Mats Hummels ya bayyana cewa a ɗakin hutu sun yi shawara su ci gaba da wasa da gaske amma kada kowa ya yi abin da zai zama izgili. Suka dawo Schurrle ya ƙara biyu, aka tashi 7 da 1, 'yan Jamus suka bi 'yan Birazil suna rungumewa suna ba su baki. Ba su rage ci ba, kuma ba su yi rawa a kan wanda ya faɗi ba. Har wasu 'yan Birazil da ke filin suka tafa wa ƙwallo ta bakwai.

Sai dai mu 'yan Najeriya muna da dalilin da zai sa mu yi wa ci mai yawa kallon tsanaki. A watan Yulin 2013, a wasannin neman hawa mataki da aka buga a Bauchi, Plateau United Feeders da Police Machine suna kankankan a maki, bambancin ƙwallaye ne zai raba. Aka tafi hutu Feeders tana cin Akurba 7 da nema, Police Machine tana cin Bubayaro 6 da nema. Da aka tashi sai ga 79 da nema a can, 67 da nema a nan. Ƙwallo 72 a cikin minti arba'in da biyar! Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta haramta wa 'yan wasan da jami'an da abin ya shafa harkar ƙwallo har abada, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma, duniya ta yi mana dariya. Hujjar bambancin ƙwallaye da na kawo ɗazu, ita ce dai ta haifi wannan abin kunya. Don haka sharaɗin da nake gindayawa guda ne: a ci iya yadda za a iya, muddin wanda ake ci yana tsaye yana kare gidansa da gaske.

Tambaya ta biyu ce mai wuya, kuma a nan nake so in daɗe, domin ita ce ta shafi tela da abokinsa.

Masu cewa a bar mai murna ya yi murnarsa suna da hujjoji masu nauyi, bai kamata a raina su ba. Ka dubi wanda ke zaune a bencin nan. Manomin shinkafa ne da ambaliyar 2022 ta shafe masa gona a fadamar Haɗejiya, ɗan acaɓa ne da ya wuni a rana tsakanin Malam Madori da ƙauyuka, lebura ne mai dakon buhunan riɗi, ɗalibi ne da ya gama karatu yana zaman jiran aiki. Sau nawa a shekara rayuwa take ba shi abin da zai yi ihu a kai? Kuma duk mai kallon ƙwallo ya san ci ɗaya da nema zullumi ne har a busa, mutum yana zaune a bakin benci zuciya tana dukan uku-uku. Ci mai yawa ne kaɗai ake sha da kwanciyar hankali, a jingina da bango, a tafa da na kusa, a ga yaron da aka sako daga benci shi ma ya samu rabonsa. Wani dattijo mai sayar da kifi ya ce da ni a wannan dare, “Malam, ka bar yaran nan su yi ihunsu. Gobe da asuba kowa zai koma inda ya fito.” Ban sami abin da zan ce masa ba a lokacin.

Hujjarsu ta biyu ita ce abin bashi ne, kuma kowa yana biya. 'Yan United ɗin da suke kukan an tsananta musu, su ne a watan Agustan 2011 suka hana 'yan Arsenal sakat bayan 8 da 2. 'Yan Barcelona da suka shekara suna kirari da biyar da neman da suka yi wa Real Madrid a 2010, sun ɗanɗana tasu ranar 14 ga Agusta, 2020, da Bayern Munich ta zura musu 8 da 2 a Lisbon. Ko mu nan gida, Kano Pillars da ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009, aka yi ta murna a Arewa, ita ce a wasan kusa da na ƙarshe Heartland ta yi wa 4 da nema a Owerri. Wanda ya ci zomo ya ci gudu. Idan ka shiga gidan kallo da rigar ƙungiya a jikinka, ka riga ka sa hannu a yarjejeniya cewa ranar da aka ci ka za ka sha, ranar da ka ci za ka rama. Su 'yan Liverpool ɗin ma ba su kwana bakwai da murnarsu ba, domin ranar 11 ga Maris Bournemouth, wadda ke can ƙasan teburi, ta doke su da ci ɗaya da nema, Salah ya zubar da fenareti. Da kaka ta ƙare United ce ta uku, Liverpool ta biyar.

Ta uku ita ce wadda na fi jin ƙarfinta. Tsokana a wurinmu ba baƙuwa ba ce. Bahaushe ya gaji wasan barkwanci tsakanin taubasai, tsakanin jika da kaka, tsakanin Fulani da Barebari, Kanawa da Zazzagawa, Gobirawa da Yarbawa. A ƙasar Haɗejiya, inda Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa suke cin kasuwa ɗaya, kowa ya san yadda baƙar magana cikin raha take kashe wutar da kai zuciya nesa kaɗai ba zai kashe ba. Masu wannan ra'ayi suna cewa ƙwallo ta zo mana da sabon taubasantaka. A ranar bakwai da neman nan, kwana takwas kacal da zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, samarin da suka yi ta hararar juna a kan jam'iyya sai ga su a benci ɗaya suna rungumar juna saboda Salah. Idan ka cire tsokana daga gidan kallo, in ji su, ka cire gishirin miya, kowa ya koma ya kalla a wayarsa shi kaɗai.

To ga abin da ɗaya ɓangaren suke faɗa, kuma yawancinsu ba maƙiya ƙwallo ba ne. Suna cewa shi wasan barkwancin da ake kafa hujja da shi ai yana da shinge. Abokin wasanka kake yi wa, ba kowa ba. Ba a yi a gaban suruki, ba a yi ranar makoki, ba a tura yara su yi wa babba, kuma da zarar ka ga fuskar taubashinka ta canza sai ka ja baya ka ce wasa nake. Wanda ya iya barkwanci ana gane shi ne da sanin lokacin tsayawa. Abin da aka yi wa tela ya fara a cikin shingen, shi ya sa ya sha lemon yana dariya. Ya fita daga shingen ranar da sunan ya faɗa bakin yara, ya kai kunnen uwa. Malamai daga cikinsu suna tunatarwa cewa aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙubba, kuma ba ta ware ranar ƙwallo ba.

Suna kuma kawo dambe, wasan da ya fi ƙwallo daɗewa a ƙasar nan. A dambe, da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, shi ke nan, hannu ya tsaya. Ba a taɓa jin ɗan damben kirki ya bi wanda ya faɗi da naushi ba, kuma wanda ya yi haka 'yan ɓangarensa ma ba za su yaba masa ba. Masu goyon murna sukan amsa da cewa ai bayan kisa ne kalangu yake tashi, a yi kirari, a yi liƙi, a ɗaga gwani sama, kuma da waƙar Ɗan Anace aka san girman ɗan dambe Shago. Gaskiya ne. Amma ka lura da inda kalangun yake fuskanta. Gwani ake wasawa. Ba a ɗaukar makaɗa a bi wanda aka kashe har ƙofar gidansu ana kiɗa masa. Murna a fage take farawa, a fage take ƙarewa, wanda ya faɗi ya kakkaɓe jikinsa ya tafi da mutuncinsa, ya dawo wani turmin.

Akwai kuma abin da ya sauya a 'yan shekarun nan wanda iyayenmu masu sauraron ƙwallo a rediyo ba su sani ba, wato caca a waya. Yau a cikin waɗanda suka sunkuyar da kai bayan an tashi, ba ka san wanda ƙungiyarsa kawai aka ci ba da wanda kuɗin cefanen gidansa ko na balas ɗin mai babur ya tafi. Ka zo kana ɗaga masa yatsu bakwai a fuska alhali yana lissafin abin da zai faɗa wa iyalinsa, ai ka taka wutsiyar maciji. Ga kuma Facebook da WhatsApp da suka hana tsokana mutuwa. A da idan aka watse daga gidan kallo zance ya ƙare sai gobe. Yanzu hoton mutum ake haɗawa da na jaki a watsa a zaure, ya bi shi har kan shimfiɗarsa. Wanda yake ganin ana kambama abin, ya tuna watan Mayun 2009: bayan Barcelona ta doke United 2 da nema a wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai, wani direba a garin Ogbo na Jihar Ribas ya afka da motarsa cikin masu murna, mutum huɗu suka mutu. Laifin kisan nasa ne shi kaɗai, babu mai ɗora wa waɗanda aka kashe. Amma abin ya nuna irin garwashin da ke ƙarƙashin tokar.

Akwai hujja guda ta wannan ɓangare da ban yarda da ita ba, ita ce ta masu cewa me ya haɗa ɗan Malam Madori da Liverpool, su can ba su san da zamanka ba. An daɗe ana faɗar haka, kuma bai hana kowa kallo ba. So ba ya tambayar nisan gari. Yaron da ya tashi yana ganin Kanu a Arsenal ko Mikel a Chelsea ko Ahmed Musa a Leicester, soyayyarsa ta gaske ce, baƙin cikinsa ma na gaske ne. Don haka ne ma ya kamata a kula da shi.

Abin da ya warware mini zaren shi ne wani wasan da ba a yi hayaniya a kansa ba. Ranar 13 ga Yuni, 2022, Super Eagles ta zura wa Sao Tome 10 da nema a Agadir ta ƙasar Maroko, Osimhen shi kaɗai ya ci huɗu. Ƙasarmu ce, ƙwallo goma ce, ta fi bakwai. Amma ban ga babur ko ɗaya ya zagaya gari ba, ban ga an rubuta 10 a ƙyauren kowa ba. Za a ce haushin Ghana da ta hana mu zuwa Ƙatar a watan Maris bai huce ba, za a ce Sao Tome ƙaramar ƙasa ce da mutanenta ba su kai dubu ɗari uku ba. Duka gaskiya ne. Amma babban dalili shi ne babu ɗan Sao Tome a bencinmu. Babu wanda za a juya a kalla. Ashe rabin daɗin bakwai da nema ba a Anfield yake ba, yana fuskar maƙwabcin da ke zaune kusa da kai. Idan kuwa haka ne, to ba Manchester United ake yi wa hon ba, don ita ba ta ji. Ɗan unguwarku ake yi wa, wanda zai ɗauki makararka ko ka ɗauki tasa, kuma haƙƙin maƙwabtaka bai faɗi ba don an busa tashi.

Saboda haka nawa hukuncin ya rabu gida biyu, kuma ban ga saɓani a ciki ba. A cikin rumfa, daga busan farko har mai gida ya kashe inji, masu murna ne da gaskiya. A yi ihu, a yi tsalle, a ƙirga ƙwallaye da ƙarfi, a kawo kwalbar lemo a ajiye a gaban wanda aka ci. Wanda ba zai iya ɗaukar wannan ba, ya kamata ya bincika zuciyarsa, domin shi ma ranarsa tana zuwa kuma ba zai yi shiru ba. Daga ƙofar rumfa zuwa waje kuwa, masu cewa a yi ladabi ne da gaskiya. Shagon mutum wurin neman abincinsa ne, ƙofar gidansa mutuncin iyalinsa ne, sunansa kuma na yanka ne, ba wanda wasu 'yan wasa goma sha ɗaya a Ingila suka jawo masa ba. Kwana ɗaya na tsokana wasa ne. Kwana bakwai cin fuska ne, ko da murmushi aka yi shi.

Inda na fi damuwa ma ba gidan kallo ba ne, filin makarantar firamare ne, inda ake buga gasar unguwa da unguwa ko ƙauye da ƙauye lokacin hutu. Na taɓa tsayawa a bayan raga ina kallon wani yaro mai tsaron gida da bai wuce shekara goma sha huɗu ba, an haɗa ƙungiyarsu da samarin da suka girme su nesa ba kusa ba. Raga ma babu, sanduna biyu ne da igiya a sama, duk ƙwallon da aka ci shi ne zai bi ta da gudu cikin ƙaiƙayi ya ɗauko. A ta tara ya ɗauko ta ya dawo yana share ido da gefen riga, manya masu gemu a bakin fili suna ƙirga masa da ƙarfi suna neman ta goma. Da aka tashi bai bi 'yan uwansa ba, ya bi gefen layin dogo shi kaɗai, takalmansa a rataye a wuya. A nan babu albashi, babu kofin Firimiya, babu hujjar da ta rage. Su Amurkawan da suka yi rigima a kan Tatis, a gasar besbol ta yara ba sa rigima: dokarsu a rubuce take, idan tazara ta kai maki goma bayan turmi huɗu sai a tsayar da wasa. Bahaushe ya riga su sanin haka a fagen kokawa, inda ba a haɗa yaro da ƙato, sai a nemo masa tsaransa.

Ina kira ga masu shirya gasar yara a Malam Madori da Garun Gabas da Haɗejiya da sauran garuruwanmu da su raba 'yan wasa bisa shekaru, su kuma amince tun kafin a fara cewa idan tazara ta kai shida, alƙalin wasa ya busa ko a cakuɗa ƙungiyoyin a ƙarasa a matsayin atisaye. Masu gidajen kallo kuma, ku da kuke da allo da alli a ƙofa, ku ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin jerin wasannin: ba zagin iyaye, ba bin mutum gida. Ku ne samarin nan suke jin maganarku, domin ku ne kuke da makunnin inji. Kai kuma ɗan uwa da ƙungiyarka za ta yi cin kaca a wannan makon, idan an tashi ka gama ihunka, ka nemi wanda aka ci ka ja shi teburin mai shayi, kuma kai za ka biya.